Vesta, Dutse na Huɗu: Tambayoyi da Amsoshi kan Falakinta, Siffarta da Sunanta

Tsakanin duniyar Mars da ta Jupita akwai wani makeken fili inda duwatsu fiye da miliyan ɗaya suke kewaya rana. Masana suna kiran su astaroyid. Yawancinsu lamba ce kawai a rajista da ɗigon haske a hoto. Vesta ta fita daban: an aika mata kumbo ya yi shekara guda da 'yan watanni yana zagaya ta, ga ɓarɓashinta a ɗakunan bincike ana yankawa ana dubawa, kuma a wasu darare ana iya hango ta da ido.

Mece ce Vesta? Tauraruwa ce?

A'a. Tauraro wuta ce mai ci da kanta, kamar rana. Vesta dutse ce, hasken rana take mayarwa kamar yadda wata yake yi. Abin da ya kawo ruɗanin shi ne, a madubin hangen nesa na zamanin da, irin waɗannan duwatsu suna fitowa ne a matsayin ɗigo, ba a bambance su da taurari sai an lura sun gusa daga wurinsu bayan kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa William Herschel ya laƙaba musu kalmar astaroyid a 1802, wadda a Girkanci take nufin "mai kama da tauraro".

A nauyi ita ce ta biyu a wannan yanki, Ceres kaɗai ta fi ta. Kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin dukkan duwatsun wurin a jikinta yake.

Wa ya gano ta?

Wani likita Bajamushe mai suna Heinrich Wilhelm Olbers, a birnin Bremen, daren 29 ga Maris 1807. Da rana yana duba marasa lafiya, da dare ya hau benen gidansa inda ya kafa madubinsa.

Labarin ya fara tun kafin nan. Masana sun daɗe suna zargin cewa tazarar da ke tsakanin Mars da Jupita ta yi yawa, lallai akwai wata duniya ɓoye a wurin. Ran 1 ga Janairu 1801 Giuseppe Piazzi ya gano Ceres daga Palermo ta ƙasar Italiya, aka ce to ga ta nan. Sai a 1802 Olbers ya sake ganin wata a kusan nisa ɗaya, aka sa mata Pallas. Duniya biyu a gurbi ɗaya? Olbers ya yi tunanin cewa wata babbar duniya ce ta tarwatse, waɗannan kuma guntayenta ne. In haka ne, in ji shi, sauran guntayen ma za su riƙa bi ta wuraren da hanyoyin waɗannan biyun suka haɗu. Ya ware waɗannan sassa na sama ya yi ta gadinsu shekara da shekaru. A 1804 Karl Harding ya gano Juno, sannan a 1807 Olbers ya yi kamun Vesta a rukunin taurarin Sumbula.

Abin dariya, tunanin nasa kuskure ne. Babu wata duniya da ta fashe. Duwatsun nan ragowar kayan gini ne da ƙarfin jan Jupita ya hana su dunƙulewa, kuma ko an tattara su duka ba za su kai kashi biyar cikin ɗari na nauyin watanmu ba. Gamon katar aka yi: ya duba wurin da ya dace bisa hujjar da ba ta dace ba. Bayan Vesta sai da aka yi shekara 38 kafin a sake gano wata, wato Astraea a 1845.

Shi ne ya raɗa mata suna?

Ya bar wa wani. Da aka gano Ceres, bayan 'yan makonni ta shige cikin hasken rana ta ɓace wa masu bin ta. Wani matashin masanin lissafi, Carl Friedrich Gauss, shi ya ƙirƙiro hanyar lissafa falakinta daga 'yan bayanan da Piazzi ya tara, ya nuna inda za a duba, aka duba aka same ta. Da Vesta ta bayyana, Gauss ya fitar da falakinta da alƙalami da takarda cikin kimanin awa goma. Olbers ya riga ya raɗa wa Pallas suna, don haka ya miƙa wa Gauss wannan girma. Yaba kyauta tukuici.

Gauss ya zaɓi Vesta, sunan allahiyar murhu da gida a addinin mutanen Rum na da. A tsohon birnin Rum akwai ɗakin bautarta inda ake hura wata wuta da ba a yarda ta mutu ba, kuma wasu mata da aka keɓe, waɗanda ba sa aure tsawon shekara talatin na hidimarsu, su ne masu gadin wutar. Har alama Gauss ya zana mata: bagadi da harshen wuta a samansa.

To ashe sunan abin bauta ne. Babu matsala a riƙa kiransa?

Asalinsa ke nan, babu ɓoye-ɓoye. Amma a bakin masana laƙabi ne na gane abu, ba wanda yake nufin bauta. Mu ma kullum muna furta irinsu ba tare da mun lura ba. Janairu daga Janus yake, Maris daga Mars, Yuni kuma daga Juno, wadda ita ce takwarar dutse na uku a wannan jeri. Turawan wancan ƙarni sun tashi da karatun Latin da Girkanci, daga nan suke ɗebo sunaye. Malaman falaki da suka yi karatu da Larabci suna da nasu sunayen na manyan duniyoyi, Mushtari ga Jupita, Zuhal ga Saturn, amma Vesta ba ta samu irin wannan ba domin ba a san da ita ba a zamaninsu.

Me ya sa ake rubuta "4 Vesta"?

Domin ita ce ta huɗu. Kusan shekara arba'in ana lissafa Ceres da Pallas da Juno da Vesta a cikin duniyoyi sosai, kowace da alamarta a littattafai. Daga 1845 sai sababbi suka fara ɓullowa kusan kowace shekara, zanen alamomi ya gagara, a farkon shekarun 1850 aka koma ba su lamba. Wannan tsari ne ake bi har yau, lambobin sun haura dubu ɗari takwas.

Ina take, kuma yaya tafiyarta?

Tana ɓangaren ciki na yankin, wato gefen da ya fi kusa da Mars. Matsakaicin nisanta da rana kilomita miliyan 353 ne, ninki 2.36 na nisan duniyarmu da rana. Hanyarta ta ɗan yi tsawon ƙwai kaɗan: in ta matso takan zo kusan kilomita miliyan 322, in ta ja baya ta kai miliyan 385. Hasken rana yana ɗaukar kusan minti ashirin kafin ya isa gare ta, mu kuwa minti takwas da ɗoriya.

Zagaye ɗaya yana cin ta kwana 1,325, shekara uku da wata bakwai da rabi ke nan, tana gudun kilomita 19 a daƙiƙa. Falakin nata ya karkace da digiri 7 daga shimfiɗar da duniyarmu ke tafiya a kai, karkata mai sauƙi in aka kwatanta da Pallas mai kusan digiri 35.

Juyawarta a kan kanta tana da sauri: awa biyar da minti ashirin ta kammala. Kafin mu yi yini da kwana ɗaya, rana ta fito mata sau huɗu, tana shirin na biyar. Kuma da yake ƙafarta, wato layin da take juyawa a kansa, ta jirkice fiye da ta duniyarmu kaɗan, tana da yanayin shekara irin nata. Lokacin da kumbo ya isa a 2011, ƙuryar arewacinta tana cikin duhun hunturu, sai da aka jira rana ta leƙa wurin kafin a ɗauki hotonsa.

Za ta iya faɗo mana wata rana?

Hankali ya kwanta. Ko a lokacin da ta fi kusa da mu tana nesa da kimanin kilomita miliyan 170, fiye da ninki ɗari huɗu na nisan wata, kuma falakinta bai ko ratsa na Mars ba. Guntayenta ne suke zuwa, su ma ƙanana.

Yaya girmanta yake?

Matsakaicin faɗinta kilomita 525. Amma ba ƙwallo ba ce: ta wani gefen kilomita 573, ta wani 557, daga ƙurya zuwa ƙurya kuwa 446 kawai, kamar kabewar da aka danne. In aka shimfiɗa fatarta gaba ɗaya za ta ba da murabba'in kilomita kimanin 870,000, saura kaɗan ta kai faɗin Najeriya mai 923,768.

Tana da nauyi ƙwarai ga girmanta. Kowace lita ɗaya ta jikinta, a matsakaici, kilo uku da rabi ce, ta ɗan fi watanmu tauri, ta yi wa Ceres nisa, domin Ceres akwai ƙanƙara da yawa a cikinta. Fuskarta kuma tana da haske, tana mayar da kusan kashi 40 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta, alhali yawancin maƙwabtanta baƙi ƙirin suke kamar gawayi.

Me ya danne ta haka?

Duka ta sha, har sau biyu a wuri ɗaya. Madubin hangen nesa na Hubble, wanda ke kewaya duniyarmu a sararin samaniya, ya hango wani ƙaton rami a ƙuryar kudancinta a 1996, amma sai da aka je kusa aka ga ainihin ɓarnar. Ramin, wanda aka sa wa suna Rheasilvia, faɗinsa kilomita 505. A miƙe, nisan Kano da Maiduguri ke nan, a jikin dutsen da gaba ɗayansa 525 ne. Da abin da ya buge ta ya ƙara girma kaɗan, da yau babu Vesta sai tarkace.

A tsakiyar ramin akwai tsauni mai tsayin kimanin kilomita 22 daga gindinsa. Ya ninka Everest sau biyu da rabi, ya ninka Chappal Waddi na jihar Taraba, tsauni mafi tsayi a Najeriya, sau tara. Ƙasa ce ta yi tsalle ta dawo bayan bugun, kamar yadda ruwa ke tasowa a tsakiya in an jefa dutse a tafki, sai dai a nan ya daskare a tsaye. An ƙiyasta shekarun Rheasilvia da kusan biliyan ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai wani tsohon rami da ya rufe rabinsa, Veneneia, mai faɗin kusan kilomita 400, wanda ya girme shi.

Girgizar ba ta tsaya a kudu ba. Jerin kwazazzabai sun yi wa ƙugunta ɗamara, ana kiran su Divalia Fossae, mafi girmansu ya zarce kilomita 460 a tsawo. Akwai wani jerin a arewa, Saturnalia Fossae. Da aka auna, sai aka ga jeri na farko ya kewaye Rheasilvia ne, na biyu kuma Veneneia. Kowane bugu ya bar tabonsa.

Me ke cikinta?

A nan Vesta ta fi ba ni sha'awa. Wanda ya taɓa ganin masu narka tama ya san cewa in wuta ta yi wuta, ƙarfe yana taruwa a ƙasa, kashin maƙera ya rabu da shi. Haka yake faruwa ga duniya in ta narke: ƙarfe ya nutse tsakiya, dutse mai nauyi ya biyo, mai sauƙi ya taso ya zama ɓawo. Yawancin astaroyid ba su taɓa narkewa ba, tarin tsakuwa da ƙura ne kamar yadda aka fara su. Vesta ta narke. Ta dunƙule ne a 'yan miliyoyin shekarun farko na tsarin rana, shekara biliyan huɗu da rabi da suka wuce, lokacin da wani nau'in sanholo mai fitar da zafi, alminiyam-26, yake da yawa. Shi ya dafa ta daga ciki. Narkakken dutse ya malalo fuskarta ya daskare, shi ne ɓawon da ake gani yau.

Saboda haka ake kiran ta jaririyar duniya wadda girmanta ya tsaya. Ire-irenta ne suka yi ta karo suna haɗewa har aka samu duniyarmu da Mars da Zuhura. Su sun shige cikin manya, ita ta rage.

Bayanan farko na Dawn, kumbon da aka aika mata, sun sa aka ƙiyasta mata cibiyar ƙarfe mai faɗin kusan kilomita 220. A 2025 masana suka sake tace bayanan nan, suka fito da sakamakon cewa cibiyar ta fi haka ƙanƙanta ƙwarai, cikin nata kuma ya fi zama bai ɗaya. Bayani biyu suke kan tebur: ko dai narkewar ba ta kammala ba, ko kuma Vesta ɓantare ce daga jikin wata duniya mai tasowa. Muhawarar tana nan da ranta.

An ce akwai guntayenta a duniya. Ta yaya aka sani?

Kowane irin dutse yana haɗiye wasu launukan hasken rana ya mayar da wasu, wannan shi ne zanen yatsansa. A 1970 Thomas McCord da abokan aikinsa suka auna hasken Vesta, suka ga ya yi daidai da na wani rukunin duwatsu da suka faɗo daga sama. Rukunin kashi uku ne: yukirait, daskararren narkakken dutse na saman ɓawo, dayojinait, daga can ƙasa inda ya huce a hankali, da hawadait, gaurayen biyun da duka ya niƙa ya haɗe. Daga baya aka gano ɗimbin ƙananan astaroyid masu irin wannan zanen yatsa, a warwatse daga kusa da Vesta har bakin wani giɓi.

Giɓin nan shi ne ƙofar. A nisan da ya ninka namu da rana sau biyu da rabi, duk dutsen da ya shiga zai zagaya rana sau uku daidai lokacin da Jupita take yin ɗaya. Sai ta riƙa fizgar sa a wuri ɗaya a kai a kai, kamar mai tura lilo, har hanyarsa ta miƙe ta ratso tamu. Daniel Kirkwood ne ya lura da irin waɗannan giɓi a 1866. Bugun Rheasilvia ya watsar da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na jikin Vesta, ɓarɓashin ya yi ta gusawa a hankali har ya faɗa ƙofar.

Kusan kashi biyar zuwa shida cikin ɗari na duwatsun da ake ganin faɗowarsu daga wannan rukuni suke. Wasu a nan kusa suka sauka: Bereba a 1924 da Bilanga a 1999, dukansu a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, da Tatawin ta Tunisiya a 1931. Masu tsintuwa a Sahara ma suna samun su da yawa. Kada dai a haɗa su da dutsen Zagami da ya faɗo a ƙasar Katsina a 1962, wannan daga Mars ya zo. Gatarin aradu kuwa da ake tsinta a gona, aikin hannun mutanen da ne, bai taɓa zuwa sama ba.

Wane kumbo ne ya je?

Dawn, na hukumar NASA ta Amurka. An harba shi ran 27 ga Satumba 2007, ya bi ta gefen Mars a 2009 ya ƙara gudu, ya shiga kewayen Vesta a Yuli 2011. Injinsa yana tura iskar zenon ne da lantarki, turi mai rauni kamar nauyin takarda a tafin hannu, amma yana iya yin watanni bai tsaya ba. Ya sauko har kusan kilomita 210 daga fuskarta. Gani ya kori ji: ma'adinan da ya auna sun dace da duwatsun da ke hannunmu. Ya kuma ga baƙaƙen tabo a wurare da dama, waɗanda baƙin duwatsu masu gawayi suka kawo, tare da ma'adinai masu ɗauke da ruwa a ƙwayoyinsu. Ya nemi wata mai kewaya ta, bai samu ba. A Satumba 2012 ya yi sallama ya nufi Ceres, ya isa a Maris 2015, mansa ya ƙare a ƙarshen 2018.

Da mutum zai sauka, me zai tarar?

Babu iska, sama baƙa ce ko da tsakar rana. Inda rana take tsaka zafin bai wuce digiri 20 ƙasa da sifili ba, a ƙuryar da ke cikin hunturu kuwa yana sauka zuwa kusan 190 ƙasa da sifili. Ƙarfin janta kashi ɗaya cikin arba'in ne na namu, buhun masara mai kilo 100 zai zama kamar kilo biyu da rabi a hannu. Duk da haka tsalle ba zai fitar da mutum ba, sai abu ya yi gudun kusan kilomita 1,300 a awa kafin ya kuɓuce mata.

Me ya sa Ceres ta samu matsayin ƙaramar duniya, Vesta ba ta samu ba?

Sharaɗin da Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya ta gindaya a taronta na Prague a 2006 shi ne, nauyin abu ya isa ya murza shi ya zama dunƙulalle. Ceres ta cika, Vesta ta daskare a danne da ramukanta. A ganina rabon bai yi mata adalci sosai ba, domin ta fuskar abin da ke cikin jiki ta fi Ceres kama da duniyarmu.

Sunayen ramukanta fa?

An bi sawun sunan uwar. Ramuka suna ɗaukar sunayen matan da suka yi gadin wutar Vesta da wasu fitattun matan Rum. Rhea Silvia, a tatsuniyar Rumawa, mai gadin wuta ce da ta haifi Romulus da Remus, waɗanda aka ce su suka kafa birnin. Akwai ramuka uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami, Marcia da Calpurnia da Minucia. Kwazazzabai kuma sunayen bukukuwan Rum aka ba su.

A yau wa ke raɗa wa astaroyid suna? Ana saye?

Ba a saye. Sabon dutse yana fara samun lambar wucin gadi daga cibiyar da ke kula da rajistarsu a Cambridge ta jihar Massachusetts: shekara, harafin rabin watan da aka gan shi, da harafin jeri. In falakinsa ya tabbata sai a ba shi lamba ta dindindin, wanda ya gano shi kuma yana da shekara goma ya kawo suna, kwamiti ya duba. Kada sunan ya wuce harafi 16, ya zama mai furtuwa, ba na talla ba, ɗan siyasa ko jarumin yaƙi kuma sai ya shekara ɗari da mutuwa. Waɗanda suka samu suna sun haura 20,000, kaɗan ne dai cikin masu lamba. Daga cikinsu akwai 1193 Africa, wadda Cyril Jackson ya gano a Johannesburg a 1931.

Zan iya ganin Vesta da idona?

Za ka iya, in dare ya ba da haɗin kai. Ita ce mafi haske a cikin astaroyid. Kusan duk bayan wata 16 da rabi duniyarmu tana ratsawa tsakaninta da rana, a lokacin take fitowa da magariba ta kwana a sama. In wannan ya zo daidai da matsowarta kusa da rana, kamar a Yuni 2018 da Mayu 2025, tana kaiwa iyakar abin da ido ke iya gani. Kada ka sa ran irin hasken Zara matar wata. Ɗigo ne dushi-dushi cikin dubban ɗigo.

Ka fita bayan gari inda babu fitilu, a daren da babu wata, kuma ba lokacin ƙurar hunturu ba. Manhajar taurari ta waya, irin su Stellarium, za ta nuna maka gurbinta, ƙaramin tabarau na hangen nesa mai ido biyu kuma ya wadatar ko a shekarun da ba ta yi haske sosai ba. Ka zana taurarin wurin a takarda, ka dawo bayan kwana biyu ko uku ka sake dubawa. Ɗigon da ya bar wurinsa, ita ce.